Ranar Da Aka Gwada Gas Da Hanci

Ko haƙorana sun zube don tsufa, ranar da jirgin ruwan yayana ya ƙone a bakin dam ɗin Ƙaraye ba za ta fita daga raina ba.

Jirgin nan shi ne gonarsa, da shi yake ciyar da gida. Ya sa masa inji, ya ɗora firiza mai aiki da sola don kada kifi ya lalace kafin 'yan sari su iso. Da firizar ta daina sanyi, wani mai gyara daga Kano ya ce sai an sauya kwamfureso, wato injin da ke sa ta sanyi, amma dole a fara zuƙe tsohon gas ɗin da ke cikinta, domin irinsa yana kama wuta. Ya ce jibi zai dawo da na'ura.

Jibi? Yayana da ko shayi ba ya jira ya huce! Sai ga shi da wani mai walda daga Rogo, irin mutanen nan da ko jirgin sama ka nuna musu za su ce sun taɓa kwance irinsa. Gwanin ya huda bututun firizar, ya kai hanci ya sansana kamar mai sayen daddawa.

Ya ce, "Maigida, babu gas a nan. Gas ai wari gare shi. 'Yan birni dai da son wahalar da mutane!"

Na ce, "Yaya, a bari mai na'urar ya dawo mana."

"Kai, rufe mana baki! Yaushe ka zama injiniya?"

Na ja bakina na yi shiru. Ashe wannan ba irin gas ɗin girki ba ne, ba ya wari, kuma ƙasa yake kwanciya. Ya taru a cikin jirgin, dab da jarkar fetur. Mutumin na kunna wutar walda, sai fuu! Wallahi shi ya riga kowa faɗawa ruwa, ga shi ko iyo bai iya ba. Yayana, da hannunsa a ƙone, shi ya tsamo shi. Jirgi da inji da koma suka ƙone ƙurmus muna kallo.

Mai waldar yana gama aman ruwa, ko kunya babu, ya ce wai ƙaddara ce.

Yanzu a jirgin wani yayana yake kamu, a ƙarshe a ɗan yaga masa. Na koyi cewa in mai sani ya ce a jira, a jira. Kuma in ka ga gaskiya, kada tsawar babba ta sa ka haɗiye ta, domin shirun da na yi ma yana cikin abin da ya ƙona jirgin nan.