Zango Ɗaya a Tsohuwar Rajista

Shekara ashirin da biyu ke nan Tela tana ɗinka yunifom ɗin makarantar 'yan mata ta Katolika. Shagonta na kallon ƙofar makarantar, titi kawai ya raba su. Keken ɗinki biyu ne a ciki, da teburin yanka, da madubin da ya tsage ta gefe. Farar riga da shuɗin siket mai ninki takwas, ko idonta a rufe za ta yanka su. Babu yarinyar da ta shiga ƙofar nan ba tare da tef ɗin Tela ya zagaye ƙugunta ba.

Aikinta babu inda za ka kushe. Amma fa Tela akwai baƙin rai, ita ma ta san da haka, kuma duk baƙin ran nan mutum ɗaya ya nufa: ƙanwarta uwa ɗaya uba ɗaya, wadda har yau take kira Ƙarama.

Abin yana da tushe. Tela ce ta fara cin jarrabawar makarantar nan, tana 'yar shekara goma sha biyu. Zango ɗaya tak ta yi, ciwo ya kwantar da mahaifiyarsu, aka ce babba ta dawo gida ta yi jinya. Ta dawo. Bayan shekara uku, uwa ta miƙe, aka kai Ƙarama. Siket ɗin Tela aka rage wa tsawo aka ba ta, kuma Telar ce ta yi kalmasar da hannunta, ɗinkinta na farko ke nan a duniya. Ƙarama ta gama, ta zama malamar asibiti mai farin takalmi. Ita kuwa Tela ta binne zancen zango ɗayan nan, ko 'yar da ta haifa ba ta taɓa jin sa ba.

Sai ga shekarar da 'ya'yansu biyu suka isa shiga a tare: Doguwa ta Tela, da Mai Tabarau ta Ƙarama.

Shiga makarantar nan mataki-mataki ne, kowane mataki da adadin kujerunsa. Da farko masu yaya a ciki. Sai 'ya'yan ma'aikata. Sai 'ya'yan tsofaffin ɗalibai, kujera goma. Daga nan sai sauran 'yan coci masu takardar baftisma, su ne tuli, ana ture juna a kan kujera ashirin. A cikin kowane mataki, maki ne ke jera yara.

Tela ta ɗauki fom ta tsallaka titi, tef a rataye a wuya, ta sami Sista mai rajista a ofishinta.

"Sista, ni ai a layin ma'aikata za a sa ni."

"Ayya, Tela," in ji Sista. "Ma'aikaci shi ne wanda makaranta ta ɗauka. Ke shagonki naki ne."

"Shekara ashirin da biyu fa!"

"Na sani. Ba ni na rubuta dokar ba."

Tabɗi! Wato mai share harabar da aka ɗauka bara ya fi ta. A fom ɗin akwai wani layi da ya ce uwa ta rubuta shekarar da ta gama makarantar. Tela ta daɗe tana kallon layin nan, sannan ta ja masa zane ta wuce. Gama me?

Ranar da aka liƙa sunaye a allon sanarwa, ta bar almakashi a buɗe ta fita. Mai Tabarau tana nan, ta goma cikin goma a matakin tsofaffin ɗalibai, maki sittin da ɗaya. Doguwa kuwa maki saba'in da huɗu, amma a matakin tuli ita ce ta ashirin da uku. Sunanta yana can ƙasa, a layin masu jiran tsammani.

Kishi ya kama Tela har ta ji ɗaci a harshenta. Ba baƙin ciki ba ne, kada a yi mata kwaskwarima, kishi ne tsagwaronsa. Yarinyar da ko lissafin canji sai Doguwa ta taya ta! Da ta koma shago, allura uku ta karya kafin rana ta yi tsaka.

Washegari Ƙarama ta kawo 'yarta awo.

"Yaya, sannu da aiki. Na ga sunayen. Wallahi ban ji daɗi ba."

"Daɗin me ba ki ji ba? Ke, ɗaga hannu."

Yarinya ta ɗaga. Tela ta ja tef ɗin da ƙarfi har sai da ta ce, "Wash, Inna!"

"Yi haƙuri, 'yar masu makaranta. Mu hannunmu ya yi kanta."

Ƙarama ta sauke idonta ƙasa. Wannan haƙurin nata ma haushi yake ba Tela, tun suna yara ba a iya yin faɗa da ita a more. Doguwa na can kusurwa tana sa maɓalli a rigunan wasu, kanta a sunkuye.

Duk da haka Tela ta ɗinka siket ɗin, kuma ta ɗinka shi da kyau, don hannunta bai iya mugun aiki ba ko da zuciyarta ta so. Ta bar masa kalmasa mai faɗi kamar yadda take yi wa kowace yarinya saboda girma, ta goge, ta rataye a ƙusa. Kwana huɗu tana ɗaga kai tana hararar sa.

A rana ta biyar Sista ta aiko a kira ta. Tana shiga ta ga Ƙarama zaune, ga wani ƙaton littafi mai baƙin bango a buɗe a kan tebur, takardunsa sun yi ja.

"Tela, zo ki duba nan," in ji Sista. "Wannan ba sunanki ba ne?"

Sunanta ne. Ga shi da shuɗin tawada, aji ɗaya, lamba goma sha bakwai. A gefe an rubuta: ta koma gida.

"Fom ɗin ne ya ruɗe ki," in ji Sista. "Doka ba ta ce wadda ta gama ba. Cewa ta yi duk wadda sunanta ya taɓa shiga rajistar nan. Ƙanwarki ce ta zo ta sa muka kwana biyu muna tono a ɗakin ajiya. 'Yarki ta koma mataki na uku, kuma da makinta ita ce ta biyu."

Tela ta dafa tebur. Can sai lissafi ya zo mata, ita da ta saba ƙirga ninki.

"Kujerun ai goma ne, Sista."

"Goma ne."

"To ta goman fa?"

Sista ta gyara gilashinta. Ƙarama ce ta amsa.

"Tawa ce. Zan kai ta makarantar gwamnati, Yaya. Ai kusa da asibitinmu take."

"Kin san haka kafin ki zo?"

"Na iya ƙirga goma."

"Wa ya aike ki? Na roƙe ki ne?"

"Siket ɗinki na saka shekara biyu," in ji Ƙarama a hankali. "Kin zaci na manta wa ya yi kalmasar?"

Kowa yana jiran Tela ta ce na gode. Bakinta ya ƙi. Ta juya ta tsallaka titi, saura kaɗan mai keke ya kwashe ta.

Da yamma Ƙarama ta biyo ta shagon a kan hanyarta ta gida. Mai Tabarau ta tsaya a waje, idanunta sun kumbura a bayan gilashin, ta juya wa shagon baya. Yarinyar da kullum take shigowa da gudu tana roƙon ƙyalle, yau ko "Inna, ina wuni" babu.

"Siket ɗin can, kada ya lalace a banza," in ji Ƙarama daga bakin ƙofa. "Ƙugunsu ɗaya. Ki sako kalmasar, zai yi wa Doguwa."

Suka tafi. Doguwa tana ta tsalle a bayan shago tana ba maƙwabta labari.

Tela ta sauko da siket ɗin daga ƙusa, ta zauna, ta ɗauki reza. Ta samu abin da take nema, 'yarta za ta shiga ƙofar nan. Ta laluba zuciyarta ko kishin ya tafi, sai ta tarar yana nan daram, har ya ƙara ƙiba.

"Makaranta ita aka ba," ta ce da madubin da ya tsage. "Farin takalmi ita aka ba. Yanzu har kyan zuciyar ma ita aka ba. Ni me aka bar min?"

Hawaye ya ɗiga a kan shuɗin yadin, ta yi maza ta goge da bayan hannu kada ya bar tabo. Sannan ta sa reza a zaren farko ta fara farke kalmasar.