Lomar Hannun Dama

Bana shekara sittin da uku ke nan da rasuwar Goggo Asabe, ƙanwar mahaifina. Duk waɗanda suka yi mata salla a Salaga sun bi ta. Ni kaɗai na rage da zan iya faɗin yadda muryarta take, ni ɗin ma ina ɗan shekara goma sha biyu ta tafi.

Wadda ta tuna mini da ita jikata ce, Hindatu, a nan Bawku inda fataucin shanu ya kawo ni har na tsufa. 'Yarta Safiya ta shekara huɗu, hannunta na dama ba ya riƙe abu. Suka kai ta asibiti wurin wata ma'aikaciya mai koya wa irin waɗannan yara hidimar yau da kullum, kamar cin abinci da sa riga. Hindatu ta dawo rai a ɓace. Da Hausarsu ta zango, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ta ce, "Kaka, matan nan bai ba mu magani ba, bai yi allura ba. Wasa kawai! Ya ba yarinyan wake shi tsince, ya ce mu yi a gida kullum." Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Ta zaci raini ne, alhali Goggo na tuna.

Da hannun dama a dunƙule aka haife ni. Baba ya yi iya yinsa, an sha rubutu, an yi tsaga, hannu ya ƙi buɗewa. Sai na tashi ina komai da hagu, kowa kuwa ya san hagu ba ta shiga akushin jama'a. Yayyena biyar su zagaye sakwara a zaure suna ci suna gardama, ni a zuba mini a 'yar ƙwarya in koma gindin bango. Ba wanda ya taɓa dukana. Bahago dai suke ce mini, su wuce. Abu ɗaya nake so a duniya a lokacin, in sa hannu cikin akushin nan.

Ina shekara bakwai Goggo ta dawo daga Yendi. Mijinta ya rasu, Allah bai ba ta haihuwa ba, aka ba ta ɗaki a ƙuryar gida. Kwana uku tana kallona, ran na huɗu ta ɗauki ƙwaryata ta juye cikin tata, ta ce in wanke hannu mu ci.

Na ce, "Goggo, hagu ce fa."

Ta ce, "Na gani, ba makauniya ba ce ni. Ci da ita. Waccan malalaciyar kuwa daga gobe za ta fara aiki."

Kullum da safe sai ta tsoma hannun a ruwan ɗumi, ta shafa man kaɗanya, ta buɗe yatsun ɗaya bayan ɗaya. Daga nan ta turo mini faifan wake in tsince. Da wake ya samu, ta koma gyaɗa in ɓare, sannan goron Baba in jujjuya shi cikin ganye. Ta naɗa tsumma a ƙotar ludayi don ya yi kaurin da zan iya damƙa. Ba ta taɓa kiran abin magani ba. Cewa take bayanta ke ciwo, ba ta da mai taya ta. Baki gare ta ba kaɗan ba. In na zubar ta ce kajin gidan nan sun gode, in na yi kuka ta jira in gama, ta sake turo faifan. Akwai daminar da ta wuce cur ba mu ƙaru da komai ba. Babban yatsana har yau bai miƙe sosai ba.

Nakan ce da tana raye ta ga ɗakin nan na asibiti, da kayan wasa kala-kala da takardar da ake rubuta ci gaban yaro, da ta taɓe baki ta ce ashe aikinta har albashi gare shi. Amma na san za ta yarda da matar. Abu guda ne zai ba ta mamaki. An gaya wa Hindatu cewa ko da hagu ne, a bar Safiya ta ci tare da 'yan gida. A zamaninmu ba mai iya faɗa wa Baba haka. Goggo ta san ba za ta canza gidan ba, shi ya sa ta kama hannun. Na ce wa Hindatu kada ta sa ran sabon hannu. Ta sa ran ranar da yarinya za ta ɗaura zanenta da kanta, ta kuma ƙirga da shekaru, don yawancin aikin a tsakar gida yake.

Ni shekara uku ya ɗauke mu. Wata rana da azahar na gutsuri sakwara da dama, na mulmula, na dangwali miya, loma ta kai baki ba ta faɗi ba. Goggo ta ƙwala kira, "Yaya, zo ka gani!" Baba ya tsaya a kaina har na yi loma uku. Ya ce, "Alhamdu lillahi. Tashi ka je wurin 'yan'uwanka." Na tashi da gudu, ko waiwaye ban yi ba.

Shekara biyu ta ƙara a duniya. Ina gaishe ta kullum da safe, amma ban sake cin abinci da ita ba. Matan gidan kuwa kowacce da 'ya'yanta take ci.

Yanzu girma ya sa ana kawo mini abincina dabam, a rufe, a ajiye a gabana, a durƙusa a fita. Sai da na yi shekaru ina ci ni kaɗai a ɗakin nan na tambayi kaina, bayan na tashi ran nan, da wa Goggo ta ci? Ba sauran wanda zan tambaya, ga shi kuma na san amsar.

Ba ta bar ɗa ba, ba hoto, kabarinta ma ya ɓace mini. Abin da ya rage nata a duniya shi ne hannun da ya rubuta wannan, wanda ya gaisa da mutane a kasuwanni daga Gushegu har Pusiga ba tare da an janye masa ba. Ta yi shekara uku tana shirya abokin cinta guda ɗaya ya tashi daga gabanta, tun ranar farko kuwa ta san haka za a yi. Allah Ya jiƙan Goggo Asabe, Ya zaunar da ita cikin jama'a.