Hular da na shanya a kan uwar kwamfutoci

Duk wanda ya yi aiki da marigayi Malam Lawali a ofishinmu na Gusau ya san ba mutane yake fara gaisarwa ba. Sai ya shiga ɗakin uwar kwamfutoci, wadda ke riƙe da takardun ma'aikata duka, ya dafa bayanta kamar mai duba zazzaɓin jariri. Ni Garba masinja, mai aji huɗu na firamare, nakan ce, "Malam, ya mai jiki?" Ya ce, "Da sauƙi, in dai kun bar ta ta sha iska."

Kowace waya da ke jone da na'urar ya ɗaura mata suna. Madam Rifkatu mai buga takardu ta manna kalmar sirrinta a jikin allo, ya ɓare takardar ya ce, "Madam, kin kulle gida kin rataye makulli bisa ƙofa. Ɓarawo na godiya!"

Duk Alhamis sai ya kwafe komai a faifai biyu, ɗaya a ofis, ɗaya ya hau babur ya kai ɗakin innarsa a Bungudu. Muka yi ta yi masa tsiya, ni ne ma shugaban 'yan tsiyar. Ya ce, "Mai tara iri a rumbu guda bai taɓa ganin gobara ba."

To, ga abin da ban taɓa faɗa ba. Wata Juma'a da damina na wanke hulata, rana ta ƙi fitowa. Na tuna da iskar ɗumi da ke fita bayan na'urar. Wai ni mai dabara! Na kifa hular a kan ramukan da iskar ke fitowa, na tafi aike Tsafe. Kafin in dawo hula ta bushe ƙayau, na'ura ta mutu murus.

Oga ya tara mu yana huci. "Wa ya shiga ɗakin nan? Yau zai bar aiki!"

Saura wata biyar in yi ritaya. Na laɓe a bayan mutane.

Malam Lawali ya ce, "Ranka ya daɗe, laifina ne. Ni ne ban kulle ɗakin ba."

Aka ba shi takardar gargaɗi. Faifan ofis ma ya lalace tare da na'urar, sai ya tafi Bungudu cikin ruwa ya ɗauko ɗayan, kafin Litinin komai ya dawo. Ranar ya miƙo mini leda a ɓoye, hulata a ciki.

"Baba Garba, hular ga ta yi kyau. Amma gaba, a nemi igiya."

Na karɓa na yi dariyar yaƙe. Shekara shida ina cewa gobe zan je in ba shi haƙuri, har aka kira ni jana'iza.

Allah, bawanka ya rufa mini asiri ban gode masa ba. Ka rufa nasa, Ka yalwata kabarinsa.