Yasar Kwata a Cikin Birni

Ina shekarar farko a makarantar koyon jinya lokacin da matasan cocinmu suka shirya tafiyar bishara zuwa Zariya. Na matsa wa mahaifiyata har ta bar ni. A lokacin ban san inda rayuwata ta dosa ba, ina ganin idan na fita aikin Ubangiji zan gane abin da ya kawo ni duniya.

A unguwar Tukur-Tukur muka sauka. Shugabanmu, wani saurayi mai son a ji muryarsa, ya ce cikin birni ba wurin wa'azi da lasifika ba ne, don haka kwata za mu yashe, aikinmu ya yi magana. Mai unguwa ya amince. Aka raba mana fararen riguna masu tambarin ƙungiya, muka shiga.

Kwatar tana wani siririn lungu bayan masu sayar da hatsi. Ina zura shebur, baƙin ruwan ya motsa, wari ya buge ni har maƙogwaro. Leda, hanjin kaji, tsummokara, ga wani mataccen ɓera ya kumbura, tsutsa na fita ta bakinsa. Na juya na kelaya amai a gindin katanga. Na wanke baki na koma, ina cewa a raina wannan shi ne gwajin bangaskiya.

Wani dattijo da ƙofar gidansa ke kallon kwatar ya fito mana da kunun zaƙi a babban kwano. "Sannunku da aiki, 'ya'yana. Allah ya saka da alheri."

Sai a lokacin shugaba ya matso, shi da tun safe yake inuwa yana latsa waya. Ina kallonsa ya tsoma yatsu biyu a taɓon, ya shafa a gaban rigarsa, ya karɓi shebur ɗina. Ya ce da ni, "Ke, kada ki goge fuskar nan, haka ta fi." Ya jawo dattijon ya tsayar da shi a tsakiyarmu, aka ɗauki hoto. Na leƙa wayar yana rubutu a ƙasan hoton, wai mun kai haske cikin duhu. Ga kunun mutumin bai gama wuce mana wuya ba.

Da azahar shugaba ya tafa hannu, wai a tafi, akwai taron ba da shaida. Duk ƙazantar da muka tono kuwa tana nan jibge a bakin zauren dattijon, ƙudaje sun rufe ta.

Na ce, "Yaya, wannan tulin fa?"

"Kwashewa aikin hukuma ne. Mu mun yi namu."

Dattijon ya dubi tulin, ya dube ni. "'Yata, za ku dawo ne?"

Na sake ɗaukar shebur. Na ce, "Baba, ban tafi ba tukuna." Wata ƙawata ta tsaya tare da ni. Masu hatsi suka ara mana baro, biyu daga cikinsu suka naɗe hannun riga suka kama mana, muka yi ta jigila zuwa juji har la'asar. Ba mu gama ba, amma dai an samu hanyar shiga gidan.

Mun iske taro ya yi nisa, ana nuna hotuna ana tafi. Shugaba na tsaye da rigarsa mai shaidar yatsu biyu, yana cewa ya ji hannun Ubangiji a kansa. Da ya rufe da addu'a kowa ya ce amin, ban da ni.

Muna komawa gida na fita daga ƙungiyar, amma ban bar coci ba. Mahaifiyata ta tambaye ni ko na samo abin da na je nema. Na ce mata ban sani ba tukuna, ta dai ba ni sabulu, don har yanzu ƙarƙashin faratana baƙi ne.