Mai Gwada Ƙota da Leɓe

A kasuwar Bodinga, bayan rumfar masu albasa, wani mutum yana tsaye gaban injin da ke juya itace, yana gyara gindin ƙotar lauje. Ban san sunansa ba. Siriri ne, zai kai hamsin, garin katako ya rufe masa gira. Injin yana murza ƙotar da gudun da ido ba ya bi, shi kuma yana kankare ta da ƙarfe, ya bi da sanfefa.

Sai ya sunkuya, injin bai tsaya ba, ya ɗora leɓensa a kan itacen da ke juyawa.

"Kai, bawan Allah!" na ce. "Haukacewa ka yi?"

Ya ɗago yana dariya. "Inna, yatsun ga sun yi kanta, ba su jin komi. Leɓe ka gane sartse. In na bar shi, hannun manomi za shi shiga."

"To ka kashe injin mana!"

"In ya mutu, tada shi aiki na."

A nan na lura da kumatunsa na hagu. Babu gemu a wajen, sai tabo mai sheƙi daga gefen baki har muƙamuƙi. Ashe injin ya taɓa kama shi. Ina jin matarsa ta yi magana har ta gaji.

Ya ɗaura wata ƙotar, ya sake sunkuyawa, ta ɓangaren da ke da sauran gemu.