Ranar da Sannu-Sannu Ya Ce Zai Kashe Tsohon Direba

A shekarar 2017 ne ƙungiyar direbobin babbar tasha ta daina rubuta katin shaidar mambobinta da biro, ta sayi kwamfuta da na'urar buga kati mai hoto. Kwamfutar ba sabuwa ba ce, wani ofis ne ya gaji da ita ya sayar. A cikin wannan shekarar kuma ƙungiyar ta rabu gida biyu a kan zaɓen shugaba, har direba ya daina ara wa direba sifana.

Mutumin da abin ya faɗa wa ba ɗan ƙungiyar ba ne, ko keke ma bai cika hawa ba. Mai gyaran kwamfuta ne, shagonsa yana bayan tasha, tsakanin mai faci da mai walda. Sannu-Sannu ake ce masa tun yana firamare, inda na koyar da shi, domin shi ne na ƙarshen miƙa takardar jarrabawa, kuma tasa ce ba a samun gogewa a ciki. Mahaifinsa rediyo yake gyarawa. Da ya rasu, sai aka kai yaron wani gari wajen wani maigida, ya koyi aikin kwamfuta, ya dawo ya yi aure, ya ɗauko mahaifiyarsa ya ajiye ta a ɗakin da ya fi samun iska. 'Ya'yansa uku ne, duka mata. Matarsa takan yi masa tsiya cewa da a ce kwamfuta tana girki, da ko sallama ba zai riƙa yi musu ba.

Yana da wata ɗabi'a da kowa ya san shi da ita. Duk lokacin da aiki ya cije, sai ya buga wa maigidansa waya ya yi masa bayani dalla-dalla. Maigidan kuwa ya tsufa, kunnensa ya yi nauyi, saboda haka dole a ɗaga murya. Mai faci yakan ce ko kurma ya zauna a bakin shagon nan wata guda, zai tashi da sana'a.

A tashar, ɓangare ɗaya na Sakatare ne, wanda yake goyon bayan shugaba mai ci. Ɗaya ɓangaren kuma na wani dattijo ne da ba a kiransa da komai sai Tsohon Direba, hatta jikokinsa haka suke ce masa. Rikicin ya riga ya wuce cacar baki. An farfasa gilasan motoci, an yanki wani kwandasta da fasasshiyar kwalba a wuya, sannan wata safiya aka tarar an sassauta notocin tayar motar dattijon. Da ba don ya saba zagaya mota kafin ya tayar da ita ba, da shi da fasinjojinsa sun tafi. Tun daga ranar mutanensa suke yawo da ƙarfe a cikin riga.

Ana cikin wannan hali kwamfutar ta ƙi aiki, ga shi kuma ba wanda zai yi zaɓe sai da sabon kati. Sakatare ya aika aka kira Sannu-Sannu, ya ce masa lallai ya gama kafin yamma.

Sannu-Sannu ya zo da filasha a aljihu, ɗan abin nan da ake ajiye manhajoji a ciki. Da ya duba, sai ya ga babbar manhajar da ke tafiyar da na'urar ta lalace, don haka ya kwashe hotunan mambobi ya adana, ya fara ɗora wata sabuwa, irin wadda ake bayarwa kyauta, wadda tsofaffin na'urori suka fi iya ɗauka. Aikin ya kai tsakiya ya tsaya. Ya sake, ya kuma tsayawa a wuri guda. Sai ya gane cewa rabon da aka yi wa faifan ajiya ne bai dace ba, ya share shi ya raba sabo, manhajar ta hau lafiya. Amma da ya sake kunna na'urar, allon ya cika da zane-zane kore da shuɗi kamar tsohuwar atamfa, sannan ya yi baƙi, fararen rubutu suka zubo suka tsaya cik. Ko wane maɓalli ya danna, shiru.

Ya gaya wa Sakatare cewa ƙwayar manhajar, wadda shi yake kira zuciya, ita ce ta firgita ta sandare. Ya tayar da na'urar ba tare da hoto ba, rubutu zalla, ya bi bayanan da zuciyar ta bari kafin ta tsaya, har ya kai ga mai laifin. Wata ƙaramar manhaja ce da ke shiga tsakanin zuciyar da katin hoto, wato sashen cikin kwamfuta da ke fitar da hoto a allo. Wadda ta hau tsohuwar ƙira ce, ba ta jituwa da sabuwar zuciya.

Masu wannan sana'a direba suke kiran irin wannan manhaja. Kalmar ta shigo Hausa sau biyu ke nan, da farko da mota, daga baya da kwamfuta, kuma duka biyun namiji ce, da "shi" ake nuna ta. Haka kuma fi'ilin "kashe" da muke amfani da shi ga fitila da rediyo shi ne muke amfani da shi ga mai rai. Babu kuskuren nahawu ko ɗaya a cikin abin da Sannu-Sannu ya faɗa da ya tsaya a bakin tagar ofishin, waya a kunne, yana ɗaga murya.

"Maigida, na gano shi. Tsohon direba ne ya hana komai tafiya, ba zai taɓa yarda da sabon tsari ba. Yanzu zan kashe shi, in kawar da shi gaba ɗaya yadda ba zai sake tashi ba. Sakatare ya ce kada ya kai yamma."

A ƙarƙashin tagar akwai wani ɗan kamasho zaune, ƙaton mutum da ake kira Kwalta, ɗan ƙanwar Tsohon Direba ne. Bai tsaya jin sauran ba.

Kafin Sannu-Sannu ya ajiye waya an ɓalle ƙofar. Sakatare, da ya ga ƙarafa, ya dira ta tagar baya ya ruga, gudun nasa kuwa ya zama shaida a idon jama'a. Kwalta ne ya fara, da ƙarfen jak, a kunnen hagu. Aka ja Sannu-Sannu ta ƙafa, kansa yana bugun matakala, aka jefa shi tsakiyar fili inda baƙin mai ya jiƙa ƙasa. Wani yana zabga masa fambel a baya, wani yana shurinsa a ciki, wasu da ba su ma san abin da ya faru ba suka baro lodi suka zo da duwatsu. Ana ta tambayarsa wa ya aiko shi, amma duk lokacin da ya buɗe baki sai a cika shi da takalmi. Mai faci ya kutsa yana rantsuwa cewa maƙwabcinsa ne, ko kaza ba ya iya yankawa, aka fasa masa baki shi ma aka ture shi gefe. Da Sannu-Sannu ya ɗaga hannun dama ya kare fuskarsa, Kwalta ya take hannun a kan kwalta ya sauke masa ƙarfe. Waɗanda suke kusa sun ce sun ji ƙarar ƙashin.

Daga nan aka mirgino tsohuwar taya aka rataya masa a wuya. Wani ya zuƙo fetur daga tankin mota ya juye masa tun daga ka. Ana neman ashana ne motar Tsohon Direba ta shigo tashar daga tafiya.

Dattijon ya sauko, aka buɗe masa hanya, aka gaya masa abin da aka ji. Ya durƙusa a gaban mutumin da ke kwance ya daɗe yana dubansa.

"Ɗana, ni ban ma san ka ba. Me na tsare maka?"

"Baba, ba kai ba ne," in ji Sannu-Sannu, jini yana bin haɓarsa. "Na cikin kwamfuta ne."

Kwalta ya ce da kunnensa ya ji, kuma shi tunda yake bai taɓa ganin direban da ya shiga cikin akwati ya zauna ba. Jama'a suka goya masa baya, wani ya miƙo ashana. Dattijon ya karɓe ta, ya riƙe a hannunsa.

"Ku kai shi ya kashe na cikin kwamfutar a gabana," ya ce. "In kun ga na faɗi, ai fetur yana jikinsa, ba sai kun sake zuƙowa ba."

Aka cire tayar, aka ɗora shi a kujera, mutane suka cika ofishin har taga. Hannun dama yana reto, sai ya yi aiki da hagu, da yatsa ɗaya, fetur yana cin idanunsa. Irin wannan allo ba ya yafe kuskuren harafi guda. Ya rubuta umarnin farko, na'urar ta ƙi karɓa, domin yatsan ya zame ya danna maƙwabcin harafin da ake so. Wani ya ɗora masa ƙarfe a kafaɗa ya ce wasa yake yi da hankalin mutane. Ya share ya sake, a hankali, kamar yadda yake rubutu tun yana yaro. Ya dakatar da tsohon direban, ya cire shi, ya rubuta umarnin da zai hana shi dawowa, ya ɗora sabo daga filasha, sannan ya sake kunna na'urar.

Allon ya yi baƙi, ya kuma daɗe a haka. Kwalta ya kai masa naushi a ƙeya har goshinsa ya bugi tebur. Bai ɗago ba tukuna sai haske ya cika allon, hoto ya fito tas, babu zane ko ɗaya. Ya buɗe hotunan mambobin da ya adana, fuskokin mutanen da suke tsaye a kansa suka jeru ɗaya bayan ɗaya.

Tsohon Direba ya shafa ƙirjinsa, ya ce shi dai ga shi da ransa, ko ciwon kai bai ji ba. Babu wanda ya yi dariya. Ya juya ya kwaɗa wa Kwalta mari har hularsa ta faɗi, ya sa ashanar a aljihu, ya ce a ɗauko yaron mutane a sa a motarsa. Shi da kansa ya tuƙa zuwa asibiti, ya kuma je gidan ya durƙusa a gaban mahaifiyar Sannu-Sannu. Tsohuwar ba ta amsa gaisuwarsa ba.

A yau Sannu-Sannu yana nan a shagonsa tsakanin mai faci da mai walda. Yatsu biyu na hannun damansa ba sa lanƙwasawa, kunnensa na hagu kuma ba ya ji, don haka yanzu shi da maigidansa duka biyu ihu suke yi a waya, sai dai yakan rufe ƙofa tukuna. Ba ya karɓar aikin tasha. Ya daina cewa direba, sai manhajar katin hoto, ya daina cewa kashe, sai dakatar. Kwalta yana nan yana kamasho, kuma bai taɓa zuwa ya ba shi haƙuri ba.