Baba Hedimasta, Ƙamus Ya Kasa Yin Gaisuwa

Da hantsin ranar Talata, tara ga wannan wata, labari ya iske ni cewa Allah ya karɓi ranka, Baba Hedimasta. Daga gare shi muke, gare shi za mu koma.

Jama'a sun san ka a matsayin shugaban makarantar da ke cikin finafinanmu na barkwanci, ni kuma Ƙamus, ɗalibin nan mai ɗamammen wando wanda ba ya iya neman izinin zagayawa sai da muƙaddima. Abin da ba su sani ba shi ne, bulalar da kake zabga mana ta soso ce, kai ka ɗinka ta da hannunka, domin ka ce ba za ka daki ɗan kowa ba ko da wasa. Ranar da aka ɗauki fitowar da na shigo da akuya ɗakin jarrabawa don ta shaidi hazaƙata, ta cinye gefen rigarka ta kanka, ba ta kamfani ba. Ka ci gaba da jawabi har darakta ya ce a tsaya, sannan ka nemo mata ruwa. Kai ka koya mini in ɗaure fuska, in bar wa masu kallo dariyar.

Wannan tarbiyya ce ta kunyata ni a ƙofar gidanka, ranar da na je ta'aziyyarka. Na durƙusa gaban ƙanenka a kan tabarma, zuciyata a karye, na ɗaure fuska, na ce, "Haƙiƙa wannan gagarumin rashi ya girgiza ginshiƙan..."

Wani matashi daga baya ya ce, "Kai, Ƙamus ne wallahi!"

Dariya ta ƙwace masa, ta kama na kusa da shi, har wani dattijo ya cusa fuska cikin hannun riga, kafaɗunsa na rawa. Ƙanenka ya ce, "Yaro, nan ma?" Na tashi na fice, ban kai ga shiga wurin Inna, mai ɗakinka, ba. Matar da ta sha aiko mana da abinci wurin aiki, har yau ba ta ji gaisuwata ba, sai dai labarin na zo na yi wasa a zaman makokin mijinta.

Shi ya sa na koma ga alƙalami, tunda takarda ba ta da fuska.

Allah ya jiƙanka, Baba, ya gafarta maka, ya yalwata kabarinka, ya sa farin cikin da ka saka a zukatan mutane ya zame maka haske. Allah ya ba 'ya'yanka da 'yan'uwanka haƙurin rashi.

Inna, duk manyan kalmomin da na sani na ajiye su. Ya haƙuri? Ki yarda da ni, ranar nan ba wasa na zo yi ba.